Har Yau Ba a Sallami Kawu Ba

Daga Allah muka zo, gare Shi za mu koma, da mai hatimi da mai dangwala yatsa. Kawuna, wan uwata, ya rasu ranar wata Talata da hantsi, cikin zafin bazara, a ƙauyenmu da ke gabas da Agiye. Bai yi doguwar jinya ba. Ya sha fura, ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, ya kwanta, shi ke nan.

Kwana uku na yi zaune a ƙofar ɗakin Inna, matarsa, muna karɓar gaisuwa, kunnena ɗaya a cikin gida, ɗaya a gindin dogon yaro inda maza suka shimfiɗa tabarmi. Mutuwa gwanar wanke baki ce. Maƙwabcin gonarsa, wanda ya shekara tara yana yi masa dariya, wanda ya laƙa masa sunan "mai sa wa hatsi hula", shi ne na ji yana ta maimaita wa baƙi cewa an yi rashin mutum mai haƙuri kamar ƙasa. Wasu suka ce ya huta. Wasu suka ce ai malaman jami'a ma da hannu biyu suke gaishe shi, alhali su ma sun san ko inuwar malamin jami'a ba ta gitta ƙofar gidan ba tun da aka maido shi gida daga aikin jami'ar. Gaskiya ɗaya na ji a kwana ukun nan, daga bakin wata tsohuwa da ta zo daga Gangara a kan amalanke. Ta zauna, ta yi addu'a, sannan ta ce, "Allah sarki, ya tafi ba su kira shi ba." 

Saboda maganar tsohuwar nan nake wannan rubutu. Ban shiga lakol, makarantar boko, ba sai da na aurar da ɗiya biyu, har yau hannuna yana jin nauyin alƙalami, amma na san abin da takarda ke iya yi wa mutum. A wani buro, wato ofis, na jami'ar da ke birni akwai takarda mai cewa Kawu ya ajiye aiki da kansa. Ƙarya ce. To ga tawa takardar, su zauna tare a duniya.

Wanda ya ɗauke shi aiki wani tsohon malamin noma ne, Allah Ya jiƙansa, shi kaɗai zan yi wa addu'a a cikinsu. Ya zo kasuwar Agiye yana sayen irin hatsi kala-kala don gonar gwaji da jami'a ta buɗe kusa da mu. Kawu yana tsaye, ya ga ana auna masa abin da aka ce zango ne. Ya ɗebi tsaba a tafin hannu, ya hura, ya ce wa baƙon wannan ba zango ba ne, jikan zango ne da ya yi yawon duniya. Malamin ya yi dariya, ya tambaye shi ko zai yi aiki. Suka yi musafaha, ya ba shi goro. Wannan shi ne ɗaukar aikin a wajen Kawu. Takardun da aka cika daga baya ƙura ce ta biyo kofato.

Shekara ashirin da shida ya yi yana riƙe da makullin mangaza, ɗakin ajiyar iri. A takarda sunansa lebura. Aikinsa kuwa shi ne kada iri ya ɓace, kada kuma ya gauraya. Yakan ce hatsi kamar mutane ne, in suka yi maƙwabtaka sai sun haɗa jini, iska ce mai dalilin aure. Don haka kafin hatsi ya yi bununi sai ya bi zangarniya ɗaya ɗaya ya rufe ta da jakar takarda ya ɗaure, sai lokaci ya yi ya kaɗa garin bununin wannan a kan ɗan'uwansa na gida ɗaya. Bai san alif ba. Da zare yake yi wa gorunan da ake zuba iri alama: ƙulli ɗaya zango, ƙulli biyu maiwa, jan zare ba'angure, har goruna goma sha bakwai, bai taɓa rikicewa ba. Ɗalibai sukan zo da malafa da gorar ruwan sanyi, su tsaya a inuwa su tambaye shi, ya faɗa, su rubuta, su koma birni a naɗa su doktoci. Ban taɓa jin wanda ya rubuta daga wa ya ji ba.

Tsohon malamin ya ba shi umarni ɗaya da baki. Ya ce kowace damina ya ɗebi tafi guda na kowane iri ya shuka a gonarsa ta gida, saboda in ruwa ya ƙi can, kada a rasa duka. Iri ba dutse ba ne, in ya shekara biyu uku a ajiye sai ya mutu a cikin gora. Kawu ya ce to. Malamin ya tsufa ya bar aiki, daga baya ya rasu. Babu wanda ya zo ya ce wa Kawu ya daina, shi kuwa "to" ɗinsa ba ta tsufa.

Shekara tara da suka wuce kuɗin da ake samu daga waje suka ƙare, aka ce za a rage ma'aikata. Ba a rage masu kujera mai juyi ba. Leburori aka tara a gindin gawo. Wanda ya zo da takardu mataimakin shef, wato shugaban gonar, ne a lokacin, wani saurayin dokta. Wannan dokta, yana ɗalibi kunama ta harbe shi a gonar gwaji, Kawu ne ya goya shi har bakin hanya yana kuka yana kiran uwarsa. Shi ne ya tsaya ya ce musu kwanje ne, wato hutu, kowa ya je gida ya huta, in abubuwa sun daidaita za a kira su. Ya buɗe tawada, ya kama yatsan Kawu da hannunsa, yana ce masa Baba, ya dangwala.

Ga abin da ba su faɗa ba. A ƙa'idarsu, wanda aka sallama daga aiki yana da haƙƙin sallama gwargwadon shekarunsa. Wanda ya ajiye aiki da kansa ba shi da komai sai takalmansa. Mutanen da suka ƙare karatun duniya suka zauna a ɗaki mai sanyi, suka ga hanya mafi araha ita ce leburori su wayi gari duk sun gaji da aiki rana ɗaya. Ilmi ke nan. Ɓarawon akuya ma yana jira mai ita ya juya baya.

Kawu ya dawo gida da makulli a wuya, rataye da igiyar fata, don babu wanda ya ce ya bayar. Daga baya muka ji sun canza kwaɗo tun makon farko. Ya sayi salula, abin da da yake cewa ta masu yawan magana ce, ya sa aka kai lambar buro. Bai taɓa bari wutarta ta mutu ba. Duk ranar kasuwa yana wajen mai caji kafin ya je rumfar goro. In ta yi ƙara yana cikin alwala sai ya zabura, ya ji ɗansa ne daga Katsina, ya ce masa ya taƙaita, kada a kira a ji layi a rufe.

Damina ta zo, ya yanke kashi ɗaya cikin uku na ƴar gonarsa ya shuka goruna goma sha bakwai layi layi. Jakunkunan takarda sun ƙare, sai ya roƙi Inna tsohon zanenta, ya zauna da allura ya ɗinka ƙananan huluna. Wanda ya wuce a hanya sai ya ga gona cike da zangarniya masu hular atamfa kamar taron biki. Nan maƙwabcinsa ya samo sunan. Kawu ba ya tanka masa. Sau ɗaya kawai ya ce, "Naka hatsin ka san ubansa?"

Shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, rumbu ya ƙare tun kafin azumi. Inna ta ce masa ga goruna cike a rataye, ko tiya biyu a sauke a yi wa jikoki kunu. Ya ce ba nasa ba ne. Ta ce masu shi suna birni suna cin shinkafa, ko sunansa ba su tuna ba. Ya ce amana ba ta tambayar ko mai ita ya tuna. Ya sayar da rigarsa ta Idi da tunkiya, goruna suka kwana lafiya cikin toka da ganyen dogon yaro. Inna ta yi wata guda tana ajiye masa tuwo ba ta kallonsa. Amma ita ce na gani tana ƙara wa hulunan ɗinki da damina ta dawo, kuma ita kaɗai ta koyi ƙulle-ƙullen zaren nan.

Ni kuwa sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa yake kirana Uwata, shi ya sa kuma nake faɗa masa abin da wani ba ya iyawa. Da aka buɗe lakol ɗin manya na ce zan shiga, dangin mijina suka yi ta shewa, wai tsohuwa za ta koma rarrafe. Kawu ya tafi kasuwa ya dawo da kaye biyu na rubutu da bik, alƙalamin boko, ya ajiye a gabana a gaban kowa. Ya ce, "Uwata, ki dage. In kin iya, ke za ki karanta mini takardar kwanjena, in ji ko sun sa ranar komawa."

Shekara uku na yi kafin in iya haɗa Faransanci da yatsa. Ya ciro takardar daga cikin gafakar da yake ajiye ta, a naɗe da tsumma kamar laya. Na yi kwana biyu a kanta. Kalma ɗaya ta tsaya mini, na kai wa madam ɗin da ke koya mana, ta karanta, ta ɗago ta dube ni, ta ce demisiyo, wato mutum ya ce da bakinsa ya bar aiki. Takardar tana cewa ni wane, cikin hankalina, ba tare da tilas ba, na ajiye aikina, ba na bin kowa komai. Ga yatsan Kawu a ƙasa, da tabon lauje a tsakiyarsa.

Na same shi yana gyaran ƙotar sungumi, na faɗa masa ba ragi. Na ce ya tashi mu tafi inspeksiyon, ofishin da ke bi wa ma'aikata haƙƙinsu, wasu abokan aikinsa sun riga sun gane sun kai ƙara. Ya ajiye ƙotar a gefe. Sannan ya ce shi bai ajiye aiki ba, bai taɓa barin gona rabi ba tun yana bin ubansa. Na ce to korarka suka yi. Ya ce ba a kore shi ba. "Ko ɗan ƙwadago na yini guda, in rana ta yi, mai gona yakan zo bakin gona ya dube shi ya ce madalla, a sauka lafiya. Da baki aka ɗauke ni. Da baki za a sallame ni. Takarda ba ta da ido, ta yaya za ta dube ni?"

Na ce masa wawa. Allah Ya yafe mini, wan uwata, mai furfura, na ce masa wawan da ake ci da haƙurinsa. Na yi damina guda ban taka gidansa ba. Da kaka sai ga shi a ƙofata da dami ɗaya na hatsinsa na ci a ka, ya sauke, ya ce, "Uwata, wawan ya kawo gaisuwa." Na fashe da kuka, shi yana dariya. Har yau ban gama janye kalmar ba, kuma ya tafi yana sane. Ranar ce ya faɗa mana, ni da Inna, cewa duk ranar da suka zo suka sallame shi, a ba su makullinsu da gorunansu cif, ko yana raye ko ba ya raye.

Sun zo kuwa. Ran sadakar uku sai ga farar mota kat-kat ta tsaya a ƙofar gida, mutane suna ta gyara zama kamar an ce gwamna ne. Dokta ne, yanzu ya zama shef, ya yi tumbi. Ya ɗaga hannu ya yi addu'a doguwa, ya ce Baba uba ne gare shi. Bai gama shafa fatiha ba ya fara tambayar ko marigayi ya bar wasu goruna. Direbansa ne ya fesa wa maza a waje: tun bayan tafiyar leburori babu mai sabunta iri, ƙwari sun cinye rabi, sauran an shuka bai tsiro ba, ga wasu baƙi za su zo da kuɗi suna neman tsofaffin irin ƙasar nan. Ashe ba gaisuwa ta kawo shi ba, yunwa ce. Inna tana cikin takaba, ta aiko a ce masa ya dawo ran arba'in.

Ran arba'in hadari ya fara haɗuwa a gabas. Gida ya cika, har da dangi daga Cadakori, har da biyu daga cikin leburorin da aka dangwala wa yatsa tare da Kawu. Dokta ya zo da takardar yabo cikin gilashi, da zanen zinariya a gefe. Inna ta sa aka sauko da gorunan duka aka jera a zaure, ta zauna daga ciki bayan asabari, ta ce ni in yi magana.

Na faɗa masa wasiyyar Kawu. Na ce abu ɗaya ake so, ba kuɗi ba. Ya tsaya a gaban jama'a ya faɗa da bakinsa cewa Kawu bai ajiye aiki ba, su ne suka sallame shi, ya ce masa madalla, a sauka lafiya. In ya faɗa, ga goruna, ga makulli.

Ya yi murmushi irin na buro. Ya ce Hajiya, wannan magana ce ta hukuma, shi ba shi da hurumi, abin da ya shiga dosiye, kundin takardun mutum, ya shiga. Ina kallon idonsa yana zuwa kan leburorin nan biyu yana dawowa. Ya san in ya faɗa a gaban shaidu, gobe za su kai maganar inda za ta yi nauyi. Ya ɗaga gilashin ya ce ga shaida ta girmamawa, ta fi kowace magana.

Na ce, "Dokta, takardarku ta ce ya bar aiki shekara tara. To hatsin da mutum ya shuka a gonarsa, da sunguminsa, da zanen matarsa, bayan ya bar aikinku, na wa ne?"

Ya ce asalin irin na jami'a ne. Wani dattijo daga cikin maza ya tambaya a hankali daga ina jami'a ta samo shi, in ba a kasuwar Agiye ba. Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Na sake ba shi dama. Na ce kalma nawa ce, wadda ko mai gonar gyaɗa yana faɗa wa ɗan ƙwadago. Ya duba agogo. Mutumin da aka goya yana kuka, ya duba agogo.

Sai muryar Inna ta fito daga bayan asabari, ba ta ɗaga ta ba. "Tunda ba ku sallame shi ba, yana bakin aiki. Aikinsa kuwa a shuka kowace damina. Ga hadari can. Iri ba ya jiran dosiye."

Ta fara kiran gidaje. Tana shafa zaren kowace gora, tana faɗin sunan irin da halinsa, wanne ke son jigawa, wanne ke nuna da wuri, tana miƙa mini ina miƙawa. Gora ɗaya gida ɗaya, kuma ta zaɓi gidaje masu nisa da juna don kada iska ta ɗaura aure: ɗaya ta tafi Gangara a amalanken tsohuwar nan, biyu Cadakori, leburorin nan kowa ya rungumi tasa. Sharaɗi ɗaya ta kafa, da kaka kowa ya maido tafi guda zauren Kawu. Dokta yana tsaye da gilashinsa yana kallon goruna goma sha bakwai suna fita ta gabansa. Da zai tafi ya jingina takardar yabon da bango. Tana nan, Inna tana rufe tulun ruwa da ita, ta ce gilashin yana hana ƙura.

Gora ta ƙarshe maƙwabcin nan ne ya roƙa, ido a ƙasa. Inna ta ce gonarsa tana tsakiyar gonakin mutane, irin zai lalace. Ya ce zai kula, ta miƙo, na ba shi. Makon jiya na wuce ta wajen, hatsi ya kusa bununi, na same shi a tsugune cikin rana yana ɗaura wa zangarniya hula da tsohon zanen matarsa. Ya ganni ya kau da kai. Na wuce abina, ko da yake bakina ya yi ƙaiƙayi.

Makullin yana rataye a ƙusa cikin zaure, da igiyarsa da ta yi baƙi da gumin wuyan Kawu. Ba ya buɗe komai a duniyar nan. Salular ma Inna ba ta bari ta mutu, duk ranar kasuwa sai an kai ta caji. Na tambaye ta dalili, ta ce ba jiran su take ba, so take duk ranar da suka ce sun kira ba su samu ba, Allah Ya shaida ƙarya suke.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa taurin kansa, Ya yafe mini kaifin bakina. Ya haskaka makwancinsa, Ya sanyaya shi kamar ƙasar da ta sha ruwan farko. Abin da masu hatimi suka kasa furtawa, ni ɗiyar ƙanwarsa ba ni da ikon faɗa a madadinsu, don ba ni na ɗauke shi aiki ba. Na bar shi ga Mai gonar da ba Ya danne ladan kowa, Shi Ya dube shi Ya ce masa madalla, a sauka lafiya.